Me ya sa mawaƙan Koriya ke yin waƙa da Turanci?

Tambaya: Salam Anti, dan Allah ina da tambaya. Ƙanwata kullum waya na jingine jikin bokiti tana wanke-wanke tana jin mawaƙan Koriya, sai jiya na ji wata waƙar tasu kaf da Turanci ce. Yarensu ne ba ya karɓuwa ko me? Daga mai karatu a Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Toh harka ce ta kasuwa, Amurka ce kasuwar waƙa mafi girma a duniya kuma gidajen rediyonsu ba su cika saka waƙar da ba Turanci ba, shi ya sa tun 2009 mawaƙiyar Koriya BoA ta fitar da albam na Turanci, 'yan matan ƙungiyar Wonder Girls ma suka je Amurka suka gwada a shekarar amma wallahi abin bai yi wani nisa ba duk da wahalar da suka sha. Sai a 2012 mawaƙi Psy ya zo da waƙar Gangnam Style da yarensu ya kai na 2 a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, YouTube ne ya ɗaga shi. Samarin ƙungiyar BTS kuwa sai 2020 suka fara hawa na 1 a wannan jadawalin da Dynamite, waƙarsu ta farko da Turanci zalla.

Ni dai abin na min ciwo gaskiya, don tun 1963 mawaƙin Japan Kyu Sakamoto ya hau na 1 a Amurka da waƙar Japananci, kinga yaren ba shi da laifi, masu rediyon ne ke rufe ƙofa. Ki tambayi ƙanwar taki wacce ta fi shiga ranta, ta Turancin ko ta yarensu, ki rubuto min.