'Yata na faɗuwa, amma an ce ba farfaɗiya ba ce

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. 'Yata mai shekara 19 ta kai wata takwas tana faɗuwa tana jijjiga, wani lokaci har minti 15, idonta a rufe gam. Ta sha maganin farfaɗiya na carbamazepine babu sauƙi. An yi mata gwajin ƙwaƙwalwa na EEG an ce ba farfaɗiya ba ce, wai mu kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa. Babanta ya ce tunda gwaji bai nuna komai ba, shagwaɓa ce, da gangan take yi. Hankalina ya tashi, ko haukacewa za ta yi? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya ba ta lafiya. Ki kwantar da hankalinki, wannan ba hanyar hauka ba ce. Abin da kika bayyana ya yi kama da jijjigar da damuwa ke haifarwa, wadda likitoci ke kira PNES. Jijjigar farfaɗiya ba ta cika wuce minti 2 ba, kuma ido a buɗe yake zama. Wannan kuwa tana daɗewa, ta lafa ta dawo, ido a runtse, kai na juyawa hagu da dama. Kashi uku cikin huɗu na masu ita mata ne, yawanci daga 'yanmatanci zuwa shekara talatin. Tana tafiya da ciwon damuwa, fargaba, ko wani tashin hankali da aka haɗiye ba a faɗa ba: rasuwa, duka, cin zarafi, auren da ba a so.

Maganar babanta ce ta fi damuna, domin kusan kullum sai na ji ta, har daga bakin ma'aikatan asibiti. Don Allah ki gaya wa Alhaji: yarinyar nan ba da gangan take yi ba. Wanda ya ga jini ya yanke jiki ya faɗi, shi ya zaɓi ya suma? Wanda tsoro ya sa gwiwarsa rawa, shi ya ce ta yi rawa? Haka wannan take. EEG wutar ƙwaƙwalwa kawai yake aunawa, ba ya auna nauyin da zuciya ta ɗauka. Daga "ƙarya take yi" ake fara mari don ta tashi, a sheƙa mata ruwan sanyi, a turara mata barkono. Na sha karɓar 'yanmata da shatin bulala a baya, wai an kori aljani, ko leɓe a fashe saboda cokalin da aka cusa musu. Mai kemis kuma ya zo ya danna allurar diazepam, wadda ke iya danne numfashi, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Yarinyar da tsoro ya kayar, an ƙara mata tsoro, ina za ta daina faɗuwa? Mafi muni, ta gane ba wanda ya yarda da ita, sai ta yi gum. Wani bincike a Ostareliya a 2020 ya gano mace-mace a cikin masu wannan ciwo ya ninka na sauran jama'a sau biyu da rabi, kuma kashe kai na cikin dalilan. Wannan ake kira shagwaɓa?

EEG ɗaya da bai nuna komai ba bai isa ya kore farfaɗiya ba, kuma wasu na da duka biyun. Saboda haka kada ki tsayar mata da carbamazepine da kanki, likita ne zai janye shi a hankali. In ta sake faɗuwa, ki ɗauki bidiyo da waya daga farko har ƙarshe, fuska da jiki duka, ki kai wa likita. Ki kwantar da ita ta gefe, ki kawar da murhu da abin da zai ji mata ciwo, ki sallami 'yan kallo, ki riƙa kiran sunanta a hankali.

Maganinta zama ne da likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam, tare da magance damuwar da ke ƙasa. Akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na ABU, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Addu'a ku ci gaba da ita, ba duka ba hayaƙi. Ranar zuwa asibiti ku tafi da babanta ya ji da kunnensa, sannan ku fita ku bar ta ta gana da likita ita kaɗai.