Matata ta kasa komawa daidai tun bayan zazzaɓi: in matsa mata ta motsa jiki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Matata malamar firamare ce. Tun da ta yi wani zazzaɓi mai zafi lokacin korona ba ta koma daidai ba. An auna jini, sukari, hanta da ƙoda, an ce komai lafiya lau. Amma in ta yi wanki ko ta je biki, sai ta kwana biyu ko uku a kwance, kanta ya ɗaure, in ta miƙe zuciyarta ta riƙa dukan uku-uku. Wani likita ya ce ME/CFS ne, wani kuma ya ce ta dage da tafiyar ƙafa kullum tana ƙarawa. 'Yan'uwana suna cewa son jiki ne. Na ji an ce ko a Turai ba a kashe wa ciwon kuɗin bincike. Akwai magani a hanya? Ciwo ɗaya ne da doguwar korona? In matsa mata?

AMSA: Wa'alaikumussalam Malam. Allah ya ba ta lafiya, ya saka maka da ɗawainiyar da kake yi. Tambayarka ta ƙarshe zan fara ɗauka, don ita ce mai haɗari. Kada ka matsa mata.

Ban duba ta ba, amma abin da ka kwatanta shi ne tambarin ME/CFS, ciwon matsananciyar gajiya mai daɗewa: a yi wanki ranar Asabar a wuni kamar ba komai, sai ranar Lahadi da yamma ko Litinin jiki ya rushe, ya ɗauki kwanaki kafin ya dawo. Gajiyar mai lafiya barci ke kore ta. Wannan kuwa takan makara awa 12 zuwa 48 kafin ta bayyana, ta zo da ciwon gaɓoɓi, ɗaurewar kai da jin kamar mura za ta kama mutum. A bincike da dama an sa masu ciwon sun tuƙa keken gwaji kwana biyu a jere ana auna iskar da jikinsu ke amfani da ita. Mai lafiya, ko da bai saba motsi ba, yakan maimaita abin da ya yi jiya. Su kuwa a rana ta biyu ƙarfinsu faɗuwa yake yi, na'ura ta nuna. Ba a yi wa na'ura son jiki.

Wannan magana ta "dage, daure, ƙara tafiya" ba na rasa jin ta a ɗakin duba marasa lafiya, kuma abin takaici daga bakin ma'aikatan lafiya take fitowa. Tana da asali. A 2011 mujallar Lancet ta buga wani babban gwaji na Ingila mai suna PACE, mutum 641, kuɗinsa wajen fam miliyan 5. Aka ce motsa jiki da ake ƙarawa sannu-sannu da kuma zaman gyaran tunani suna taimako, daga baya har aka ce kashi 22 cikin 100 sun warke. Duniya ta ɗauka. Sai majiyyata da wasu masana suka lura da wani abu. Akwai ma'aunin ƙarfin jiki daga 0 zuwa 100. Kafin a ɗauke ka cikin gwajin sai makinka ya kasance 65 ko ƙasa da haka, shaidar kana jin jiki. Amma bayan an fara aiki sai aka sauko da makin da ake ƙirgawa a matsayin warkewa daga 85 zuwa 60. Ka ga ke nan mutum zai shiga da 65, ya ƙara lalacewa zuwa 60, a wannan ma'aunin a ce ya samu lafiya. Wani majiyyaci a Ostiraliya ya nemi a fito da bayanan, jami'ar da ta gudanar da gwajin ta ƙi, sai da kotu ta tilasta a 2016. Da aka sake lissafi da ma'aunin farko, warkewar ta koma kashi 4 ga masu motsa jiki, 7 ga masu zaman gyaran tunani, 3 ga waɗanda ba a yi wa ko ɗaya ba. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ta cire shawarar daga shafinta a 2017. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya ta Ingila ta fito fili a watan Oktoba 2021 ta ce kada a ɗora mai ME/CFS a kan tsarin ƙara motsa jiki. To amma wanda ya yi karatunsa kafin nan bai sake buɗe littafi ba, har yau tsohon zance yake maimaitawa, kuma mace ce ke biyan kuɗin a jikinta. Akwai waɗanda suke iya zuwa aiki rabin wuni, aka yi ta zuga su, suka koma ba sa iya zuwa banɗaki sai an riƙe su. Kusan ɗaya cikin huɗu na masu ciwon a gida ko a gado suke rayuwa.

Ƙarfin matarka kamar jarin mai ƙaramin shago ne. In ta tsaya a kan riba, shago zai ci gaba. Duk ranar da aka sa ta ta taɓa uwar kuɗi, gobe da ƙasa da na jiya za ta buɗe.

Ga kuma masu cin kasuwa da irin wannan jinya. A yi gwajin Widal a ce taifot ne, a ɗirka allurai, bayan wata biyu a sake. A rataya ledar ƙarin ruwa. A sayar da maganin ƙarin jini ga wadda jininta bai ragu ba. Mafi muni shi ne mai kyamis da zai miƙo tramol wai don ƙarfin jiki: zai rufe mata jin gargaɗin da jikinta ke yi, ta yi aikin da ya fi ƙarfinta, ta faɗi, ga jaraba a kai. Duk wanda ya ce maka yana da maganin da ke warkar da ME/CFS, riƙe kuɗinka.

Batun kuɗin bincike, abin da ka ji gaskiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ciwon cikin cututtukan jijiya tun 1969. Rahoton Cibiyar Likitanci ta Amurka na 2015 ya ƙiyasta Amurkawa 836,000 zuwa miliyan 2.5 na ɗauke da shi, galibinsu ba a ma gano ba. Duk da haka hukumar NIH, mai ba da kuɗin binciken lafiya a Amurka, ta shafe shekaru tana ba shi wajen dala miliyan 5 a shekara, daga baya ya kai wajen miliyan 15. A 1999 binciken gwamnati ya gano miliyoyin dalolin da majalisa ta ware wa ciwon an karkatar da su zuwa wasu ayyuka a CDC. Da korona ta zo, majalisar ta ware dala biliyan 1.15 don doguwar korona kaɗai. An kuma sha ɗaga wa majiyyata rai a banza: ƙwayar cutar XMRV da aka zarga da haddasa ciwon a 2009 ta zama gurɓacewar ɗakin gwaji, maganin rituximab da aka sa wa rai a Norwe ya gaza a gwajin mutum 151. Abin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa shi ne binciken DecodeME na Jami'ar Edinbara, wanda a watan Agusta 2025 ya fitar da sakamakon farko daga ƙwayoyin halittar masu ciwon sama da 15,000: wurare takwas da suka bambanta da na sauran jama'a, masu nasaba da garkuwar jiki da jijiyoyi. Wannan hanya ce aka samu, magani da saura.

Doguwar korona kuwa babbar rumfa ce, wasu huhunsu ya taɓu, wasu zuciya. Amma kaso mai yawa na waɗanda suka daɗe a cikinta sun cika sharuɗɗan ME/CFS. Abin ma ya girmi korona: a garin Dubbo na Ostiraliya an bi mutanen da suka kamu da cututtuka uku daban-daban, aka samu wajen kashi 11 cikin 100 da wannan hali bayan wata shida. Yakan zo tare da ciwon jiki na faibromayaljiya, ciwon kai na ɓari ɗaya da rikicewar hanji.

Bugun zuciyar nan da ka ambata kada a wuce shi, don ana iya rage shi. A asibiti a kwantar da ita minti 10 a auna bugu da awon jini, sannan ta jingina da bango a tsaye minti 10 ana aunawa. In bugun ya ƙaru da 30 a minti ya tsaya a haka alhali awon jini bai faɗi ba, ana zargin POTS, wato ciwon saurin bugun zuciya in an miƙe tsaye. Yawan shan ruwa, safar matsi, ƙarin gishiri in ba ta da hawan jini, da wasu magunguna suna taimako. A kuma tabbatar an duba tayirod, ƙanjamau, ciwon hanta na B da tarin fuka. In ta fara rama, tari ko zazzaɓin dare, a koma asibiti, kada a ɗora wa ME/CFS.

A gida, ta samu littafi tana rubuta abin da ta yi kowace rana da yadda ta tashi bayan kwana biyu. Cikin 'yan makonni za ku ga iyakarta, sai ta riƙa tsayawa kafin ta kai can. Ta yi girki a zaune, a ɗauke mata wanki da ɗiban ruwa. Sallah ma ta yi a zaune ranar da tsayuwa ta gagara, haka Manzon Allah (SAW) ya umarci Imrana ɗan Husaini da ba shi da lafiya. Ka nemi takardar likita a rage mata azuzuwa a makaranta. 'Yan'uwanka kuma kai za ka tare su, kada ka bar mata wannan aikin. Ka faɗa musu su ji tsoron Allah a kan mara lafiya, wanda ke son taimako ya zo ya ɗauki yara ranar Asabar.