Amsar tambayar kawo ayar Baibul cikin kundi

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanwata, na ji muryarki tun da safe, ina aji shi ya sa ban amsa ba. Yanzu ma ina gareji wajen Gawon Nama ana duba min mota, in kin ji hayaniya ki yi haƙuri.

Kin ce kundinki kan Annabi Isa ne, alaihis salam, yadda ya zo a Alƙur'ani da yadda ya zo a littafin Kiristoci. Kina tambaya ko lambar shafi za ki sa in kin kawo aya, kuma ko sai Baibul ya shiga manazarta. Tau ni abin da na ji a ƙarƙashin tambayar ga shi ne littafin ba ya hannunki. Da shina hannunki ba za ki yi zancen shafi ba. Ina kyautata zaton daga ƙananan littattafan muƙabala kike kwaso ayoyin, ko daga bidiyon YouTube. In na yi kuskure ki gyara min, amma na ga irin wanga ya fi a ƙirga.

Ba a sa shafi. Sunan littafi, sura, aya, shi ke nan. Luka 1:26-38, nan ne labarin bisharar da mala'ika ya yi wa Maryamu, wanda za ki jera da Suratu Maryam da Ali Imrana. Su ma Hausawa Kiristoci sura da aya suke cewa, ba wani baƙon abu. Ke da kanki in wani ya rubuta "Alƙur'ani, shafi na 42" ai za ki ce wane bugu? Na Madina ko namu na hannu?

Abin da nake so ki riƙe shi ne ki faɗi wace fassara kika ɗauko. Kalmar "Baibul" kawai ba ta isa ba. Da Turanci akwai King James ta 1611, akwai RSV ta 1952, akwai NIV ta 1978 wadda anka sake gyarawa 1984 da 2011. Da Hausa akwai Littafi Mai Tsarki na 1932, wanda Dakta Walter Miller na Wusasa ya yi aiki a kai, sannan anka fitar da sabuwar fassara 1980, ga kuma Sabon Rai Don Kowa ta baya-bayan nan. Lafazinsu ba ɗaya ba ne, wani wurin ma har lambar aya ba ɗaya ba. Mu Sakkwatawa bai kamata wanga ya ba mu mamaki ba. Mu da munka tashi da Warsh a makarantar allo, mun san Baƙara aya 285 ce a ƙidayarmu, a Hafs kuwa 286. In kin kawo lamba ba ki faɗi riwaya ba, mai dubawa zai buɗe ya ga wata aya daban.

Bari in ba ki labarin da har yau shina ci min rai. Shekarun baya na zauna wajen wani difens, wato zaman da ɗalibi ke kare kundinai gaban malamai, ba zan faɗi makarantar ba. Yaro ne mai ƙoƙari ƙwarai, Larabcinai ba a magana, duk hadisin da ya kawo sai ka ga kitabi, ga babi, ga lamba, ga bugun da ya yi amfani da shi. Da ya zo kan Baibul sai ya sake. Ya kawo ayar nan ta 1 Yahaya 5:7, mai ambaton Uba da Kalma da Ruhu Mai Tsarki, ya rubuta a ƙasa wai daga RSV ya ɗauko. Mai jarrabawa daga waje, wani dattijo Kirista, bai ɗaga murya ba. Ya zuge jakarsa, ya ciro RSV ɗinsa mai baƙin bango, duk gefen takardun ya yi duhu saboda yawan buɗewa, ya tura masa kan tebur ya ce ɗana, karanta mana. Yaron nan ya yi ta bin shafin da yatsa, ya sauka ya hau. Babu lafazin. Zufa ta jiƙa masa wuyan riga. Lafazin na King James ne, yawancin fassarorin zamani sun cire shi daga matani saboda babu shi a tsofaffin rubuce-rubucen Helenanci. Ka ga abin takaicin, wanga bambancin da kansa hujja ce da ya kamata ya tattauna a kundinai da ilimi, sai ya zame masa abin kunya, don daga wata 'yar takarda ya kwafo, mai takardar ma kwafowa ya yi.

Kuma bai tsaya nan ba. Babi na huɗu ya kawo Linjilar Barnaba ya rubuta mata "Baibul". Jama'a don Allah ku daina wanga. Barnaba ba ya cikin littattafai 27 na Sabon Alkawari, babu cocin da ke karanta shi. Rubutun da anka samu na Italiyanci ne da Sifaniyanci, anka buga fassarar Turanci a Oxford 1907. In kina son amfani da shi ba wanda ya hana ki, amma ki kawo shi da sunansa, da mai fassara, da shekara, a matsayin littafi mai zaman kansa, ki kuma faɗi matsayinsa wajen Kiristoci. Mi za ki ji in wani ya ɗauko hadisi maudu'i ya rubuta a ƙasa "Alƙur'ani"? Dattijon nan abin da ya tambayi yaron ke nan, ɗakin ya yi tsit. Sai da anka mayar da shi ya sake babi biyu cur. Abin da ya fi ɓata min rai, malamin da ke duba aikin ya sa hannu a kowane babi, bai taɓa buɗe aya ɗaya ya gwada ba. Ɗaya! Da ya ari littafin yini guda da yaron nan bai sha wahalar ba. Kuma a gabanmu ya juya yana yi wa yaron faɗa kamar ba shi ya sa hannu ba. To, Allah ya kyauta, mu bar wanga.

Ina nake? Yauwa, suna. Ki kula da lambar da ke gaban suna. Yahaya 1:1 daban, 1 Yahaya 1:1 daban. Na farko Linjila ce, na biyu wasiƙa ce, kuma wasiƙun uku ne. Fassarar 1980 Yahaya take cewa, Sabon Rai kuwa Yohanna. Ki zaɓi ɗaya ki bi ta har ƙarshen kundi. Tunda da Hausa kike rubutu ki yi amfani da sunayen Hausa: Farawa, Fitowa, Zabura, Ishaya, Matiyu, Markus, Ayyukan Manzanni. Kada ki fassara aya da kanki daga Turanci sannan ki jingina ta ga Littafi Mai Tsarki. In fassararki ce ki ce fassarar mai bincike. Yahaya 3:16 ma da kowa ke kawowa kan zancen kiran Isa Ɗa, maganar kan kalma ɗaya ce ta Helenanci, monogenes, King James ta ba ta ma'anar haihuwa, RSV da NIV ba su kawo haihuwar ba. In hujjarki a kan kalmar take, dole ki jera fassarorin gefe da gefe.

Littattafan duka 66 ne, 39 Tsohon Alkawari, 27 Sabo. A'a, tsaya, wanga na Furotesta ne. Na Katolika 73 ne, suna da ƙarin bakwai, irin su Tobit da Makabiyawa. In kin kawo daga waɗannan sai ki ce bugun Katolika. Lambobin Zabura ma suna gocewa da ɗaya a tsofaffin bugun da sunka bi Latin, ta 23 takan zama ta 22, amma ba na jin za ki kai can.

Sa Baibul a manazarta kuwa ya danganta da tsarin rubuta manazarta da sashenku ke bi, APA ne, ko Shikago, ko MLA. In APA ne bugu na bakwai, wanda ya fito 2019, ana sa shi: sunan fassarar, shekara, maɗaba'a, kamar littafin da ba marubuci. Bugu na shida bai nemi haka ba, shi ya sa za ki ga tsofaffin kundaye a laburare babu shi, kada su ruɗe ki. Tsarin Shikago a cikin rubutu ko ƙasan shafi kawai ake ambato. MLA ana sawa, kuma ɗigo suke sawa tsakanin sura da aya. Ki karɓi takardar ƙa'idar sashe ki bi, ba a gardama da ita.

Wani abu kuma, kada ki rubuta cewa Luka ya faɗa "a aya ta kaza" kamar shi ya sa lambar. Surorin nan Stephen Langton, wani babban limamin Kirista na Ingila, ake jingina wa raba su, ƙarni na 13. Lambobin ayoyi kuma Robert Estienne, wani mai ɗab'i Bafaranshe, 1555. Ko da yake, Sabon Alkawari ya fara yi 1551, cikakken littafin ne 1555. Shi ya sa in kin buɗe NIV a Ayyukan Manzanni sura 8 za ki ga an tsallaka daga 36 zuwa 38, ta 37 tana ƙasan shafi don babu ta a tsofaffin rubuce-rubucen, amma an bar lambobin yadda ya sa su. Ba kuskuren ɗab'i ba ne.

Samun littafin ba wuya. Ajinku ai akwai Kiristoci, ki ara, ba wanda zai hana ki. Ko ki sauke manhajar YouVersion, akwai na Hausa a ciki da na Turanci, sai ki duba shekarar fassarar ki rubuta. Duk ayar da ke babinki na biyu ki buɗe ta da idonki, ki karanta biyar kafinta da biyar bayanta. In kin gama ki turo min babin kafin Alhamis. Makaniki na kirana, sai an jima.