Tambayi Likita: Citta, Filasko da Dutsen Matsarmama

Likita, da gaske citta tana maganin tashin zuciya?

Tana ragewa, har ga masu juna biyu. Amma in aman ya wuce kwana biyu, a je asibiti.

Kullum sai na sha filasko kafin bayan gida ya fita. Da illa?

Kullum? Haba Malam. Filasko na 'yan kwanaki ne, kada ya wuce mako guda. Yawansa yana zubar da ruwa da gishirin jiki. Ka yawaita ruwa da ganyayyaki, kuma a duba ka.

Hoton ciki ya nuna ina da dutse a matsarmama. Aka ce in sha man zaitun da ruwan lemun tsami da dare. Na sha, da safe na ga korayen duwatsu a bayan gida. Na warke ke nan?

Malama, ba ki warke ba, kuma wannan haɗin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Abin da kika gani ba daga matsarmama ya fito ba. Man ne da tsamin suka dunƙule a hanji kamar sabulu. A 2005 mujallar likitoci ta Lancet ta buga rahoton wata mata da ta yi haka. Da aka gwada "duwatsun" nata, sai aka tarar maiƙo ne kawai, na gaskiyar kuwa suna nan sai da aka yi tiyata.

Ga abin da ke ba ni tsoro. Hanta ce ke yin ruwan ɗaci, matsarmama ta ajiye, in maiƙo ya shiga hanji ta matse ta zuba shi. In kika sha mai da yawa lokaci guda, tana iya tura dutse ya toshe siririyar hanyar ruwan ɗacin. Daga nan sai ciwon shawara, zazzaɓi, ko kumburin da kan kai ga rasa rai.

Akwai maganin asibiti mai narkar da ƙananan duwatsu, amma yakan ɗauki watanni, kuma sukan dawo. Dutsen da ba ya ciwo sau da yawa ƙyale shi ake yi. In kika ji ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama yana harbawa kafaɗa, ko ido ya yi ɗorawa, ko fitsari ya yi duhu, asibiti a daren, kada ki jira gari ya waye. Ki koma a sake hoton.

In an cire matsarmama, mutum zai rayu lafiya?

Ƙwarai kuwa. Ruwan ɗacin zai riƙa sauka hanji kai tsaye. Wasu kan yi ɗan gudawa da farko. In ya ƙi tsayawa, a koma wurin likita.