Tambayi Tanti: Gwiwoyina sun fara kuka

Tambaya: Tanti, ina wuni, ya gida? Ni mai ɗinki ce a unguwar Bukoki, nan Yamai. Shekaruna 38, ƴaƴana huɗu. Tsawona mita 1,62, makon jiya na hau sikeli a asibiti ya nuna kilo 88. In na yi sujada da ƙyar nake miƙewa, likita kuma ya ce hawan jini ya fara leƙo ni. Uwar mijina ta ce in na rame mutane za su ce ɗanta ba ya ciyar da ni. Akwai wani shayin rage ƙiba da ake talla a WhatsApp, jika 15. In saya?

Amsa: Ƙanwata, ki riƙe jikarki 15, ki ƙara a kuɗin zare. Yawancin irin wannan shayi gudawa yake sa mutum ko yawan fitsari. Ruwa ne ke fita, kitsen yana nan daram, kuma ga mai hawan jini wannan wasa da wuta ne.

Ga lissafin da muke yi a asibiti. Ana raba nauyi da tsawo sau tsawo. Naki ya ba da 33 da rabi. Daga 18,5 zuwa ƙasa da 25 shi ne daidai, daga 30 ƙiba ta zama abin lura. Kada wannan ya karya miki gwiwa, tun da dama gwiwar ce ke kuka. Ba sai kin koma kamar ranar aurenki ba. Kilo 5 zuwa 9 kaɗai in suka sauka, jini da sukari kan sassauta. Rabin kilo a mako ya wadatar.

Na san zaman shagon ɗinki, ƙanwar mahaifiyata a kan keke ta tsufa. Ba tuwon dare ke yi muku illa ba, abin da ke shigowa tsakanin hantsi da la'asar ne. Mai fari masa ta leƙo, a saya. Yaron shago ya dafa shayi, na fari, na biyu, na uku, kowane da sukari har cokali ya tsaya. Zafin azahar ya taso, a aika a kawo lemun kwalba mai sanyi. Kwalbar Coca-Cola ta santilita 33 tana ɗauke da sukari wajen giram 35, wato ƙwaya bakwai na sukarin kwali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kimanin giram 50 a wuni, in ya tsaya a 25 ya fi. Ki ƙirga naki na gobe da ƙwaya, za ki riƙe baki. Ki ajiye gorar ruwa kusa da ƙafar keke. Zoɓo da fura ki sha abinki, amma ki dama da kanki ba sukari.

Sai mai. Ni kaina shekara da shekaru daga bidon nake tuttula shi a tukunya, sai da na fara aunawa da cokali na ga ɓarnar da nake yi. Shinkafa da wake ba laifi, wanka da mai ne laifin. Ki sa kopto, wato kwaɗon zogale, ko dafaffen kabeji ya ci rabin kwano, shinkafar ta koma gefe. Dunƙulen magi ma ki rage, gishiri ya yi yawa a cikinsa.

Motsa jiki kuwa, ana son minti 150 a mako: rabin awa, kwana biyar. Ba sai kin je zagaye filin wasa na Seyni Kountché da masu kayan gudu ba. Bayan sallar asuba, kafin rana ta buɗe ido, ki taka da sauri har numfashi ya ɗan ɗaga amma kina iya magana. Saboda gwiwa, ki fara da minti 10, da takalmi mai taushi.

Tambaya ɗaya da ba ki yi ba: kin taɓa shan ƙwayoyin ƙara ƙiba na ƴan talla? In akwai maganin da ake kira dexamethasone a ciki, yana kumbura fuska, ya ta da jini da sukari. In kina sha har yanzu, kada ki yanke rana ɗaya, ki kai wa likita kwalin ya gani.

Ita kuwa Inna, kada ki yi musu da ita a kan kilo. Ki ce mata likita ne ya hana ki sukari saboda jini, kuma kina son ki yi sallarki ba a kan kujera ba. In kin kwaɗa zogalen, ki zuba mata nata a kwano.