Tambayoyin Masu Karatu: Tsakanin Fim ɗin Kano da na Kumasi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni tela ce a unguwar Aboabo da ke Kumasi, kuma talabijin ɗin shagona a kunne yake tun safe har magariba. Gardama ta kaure tsakanina da 'yan matan da ke koyon ɗinki a wurina. Ni ina son fina-finan Kano saboda harshe da sutura da kunya, su kuwa sun ce labaran Kano ba su shafe su ba, sun fi son na Kumawood, wato fina-finan Kumasi, da na Indiya da ake fassarawa da harshen Twi. Shin laifin tarbiyya ne, ko ni ce zamani ya bari a baya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya, Allah ya sanya albarka a sana'a. Zamani bai bar ki a baya ba, kuma ban ga alamar lalacewar tarbiyya a maganar yaran nan ba. Abin da suka faɗa gaskiya ne, sai dai ba su kai ƙarshensa ba.

Fim ɗin Hausa na bidiyo ya fara ne a Kano a 1990 da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, kuma tun daga lokacin mutanen Arewacin Nijeriya ake tunani idan za a rubuta labari: kishi tsakanin matan gida, auren dole, rikicin gado, ɗan mai kuɗi da 'yar talaka. Kunyar da kike yabawa tana da tushe a al'ada, amma akwai hannun hukuma a ciki, domin tun 2001 Jihar Kano take da hukumar tace fina-finai mai sa ido a kan sutura da rawa. Waƙoƙin soyayyar da ke cikinsu kuwa daga fina-finan Indiya aka aro salonsu, saboda haka ke da yaranki ba ku yi nisa da juna kamar yadda kuke zato ba.

Yarinyar da aka haifa a Aboabo ko Asawase tana Hausa a gida, tana Twi a kasuwa, tana Turanci a makaranta. Idan ta ga ɗan wasan barkwanci irin Agya Koo ko Lil Win yana cacar baki da yaron mota a kan canji, ko mai gidan haya ya zo karɓar kuɗin shekara biyu a dunƙule, to abin da ta baro a kasuwar Kejetia da safe ne take gani. A wajen iya shiga rigar talaka da sa mutum dariya ba tare da tilas ba, ina ganin 'yan wasan Kumasi sun yi zarra. Rauninsu yana wajen labari, domin sau da yawa za ki ga an sake wa ɗan wasa baki yana ta zuba, kuma da zarar labari ya cije sai a kawo boka ko maye ya warware shi. A nan Kano ta yi gaba, musamman tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014 aka koma ga shirye-shirye masu dogon zango. Daɗin Kowa, wanda aka gina a kan gari mai haɗa ƙabilu da addinai dabam-dabam, shi ne mafi kusa da irin zamanmu.

Abin da ya fi damuna shi ne, ba kasafai ake ganin Zango kansa, wato unguwanninmu na Hausawa da sauran baƙi a garuruwan Gana, a wannan ko wancan ba. Ina labarin gidan haya mai ɗakuna jere, inda Bahaushe da Bazabarme da Bamoshe da Badagombe suke layin famfo ɗaya, 'ya'yansu kuma suna auren juna? Ina labarin uwar da take tashi kafin asuba ta ɗora tukunyar waake, wato shinkafa da wake, domin ta biya wa yara kuɗin makaranta, ko saurayin da ya sayar da kekensa na ɗinki ya bi ta Agadas zuwa Libiya? Ko tarihin kakanninmu fatake masu safarar goro, waɗanda suka watsu zuwa Kumasi da sauran garuruwa bayan yaƙin garin Salaga da ke arewacin Gana na 1892, ya isa a yi shiri mai tsawo a kansa. Matasanmu da ke ɗaukar gajeren wasan barkwanci da waya suna da basira, kuma ina roƙonsu su yi magana da Hausarmu ta Zango yadda take, su daina wahalar da kansu wajen kwaikwayon lafazin Kano.

Shawarata gare ki ita ce ku raba lokaci a shago. Ki zauna ki kalli nasu tare da su, ki faɗi abin da bai dace ba a daidai lokacin da ya fito, sannan su ma su kalli naki su faɗi ra'ayinsu.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne daga Tafo. Na ji an ba Ali Nuhu muƙami a gwamnati. Wane muƙami ne, kuma kana ganin ya cancanta?

Amsa: Haka ne, ɗana. A watan Janairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya naɗa shi shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda hedikwatarta ke Jos. A ganina ya cancanta, domin ya yi wasa, ya ba da umarni, ya shirya fim da kuɗinsa, kuma ya yi aiki a Kudu da Arewa, saboda haka ya san matsalolin sana'ar daga ciki.