Fatawa: Matar da kunyar jikinta ke hana ta sakewa da mijinta, ta shiga tsinuwar mala'iku?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara ilimi. Shekarata shida da aure, haihuwata biyu. Tun bayan ta biyun cikina ya saki, nanƙarwa ta feso min, ba na yarda maigida ya gan ni sai an kashe fitila. Idan ya neme ni hankalina yana kan abin da yake gani, ba na jin komai, wani lokacin har zafi nake ji. Wata rana in amince don tsoron kada ya juya min baya, wata rana in ce barci nake ji. In ya wuni bai sakar min fuska ba, sai in ga kamar ya daina sona. Na shiga hadisin tsinuwa? Kuma ya halatta in faɗa wa likita abin da ke tsakaninmu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, kin yi daidai da kika tambaya. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini.

Hadisin da ke tsorata ki ingantacce ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito shi daga Abu Huraira: idan miji ya kira matarsa shimfiɗa ta ƙi, ya kwana yana fushi da ita, mala'iku za su tsine mata har gari ya waye. Malamai sun ɗora shi a kan wadda ta ƙi ba tare da uzuri ba. Zafi uzuri ne, rashin lafiyar jiki ko ta rai uzuri ce, domin "babu cuta, babu cutarwa", kuma Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. A daren da kike jin zafi ko firgici, ba ki cikin wannan narko. Inda nake ganin gyara shi ne ƙaryar barci. Ita ce ke sa miji ya ɗauka ƙin sa kike yi, alhali gaskiyar ita ce "ina jin zafi" ko "ina jin tsoron yadda kake ganina". Uzurin da aka ɓoye ba a iya magance shi, don haka wajibinki shi ne ki faɗi gaskiya, ki kuma nemi magani.

Abin da kika siffanta sananne ne ga masana halayyar ɗan Adam. Likitan Ingila John Bowlby da abokiyar aikinsa Mary Ainsworth sun yi bayanin yadda yaro ke shaƙuwa da mai renonsa, sannan a 1987 Cindy Hazan da Phillip Shaver suka nuna cewa irin wannan salon yana bayyana tsakanin manya masu son juna. Akwai mai natsuwa, wadda ta yarda ana sonta, take iya cewa "nan ina so, nan ba na so". Akwai mai ƙauracewa, wadda kusanci ke takura mata, ta ba da jiki ta janye zuciya. Akwai kuma mai fargaba, wadda kullum ke jiran ranar da za a rabu da ita, kuma maganarki ta fi kama da wannan. Mai fargaba takan mayar da shimfiɗa ma'aunin soyayya: ta amince ba don tana so ba, ta kasa faɗin abin da ke mata ciwo, ta riƙa karanta fuskar miji maimakon jin jikinta. Wannan ba ƙarancin imani ba ne, kuma hali ne da ke sauyawa idan mutum ya samu abokin zama mai tabbata a kan alheri.

Kunyar jiki tana ƙara rura wutar. Jikin mace yana buƙatar hankalinta ya tattaru a kan abin da take ji kafin jini ya kwarara zuwa gabanta, ni'ima ta sauko, tsokoki su saki. Idan tana tsaye a gefe cikin zuciyarta tana duba cikinta da cinyoyinta, ni'ima ba ta sauka. A sadu a bushe sai zafi, gobe tsoron zafin ya sa tsokar ƙugu ta ɗaure tun kafin a taɓa ta, zafin ya ninka. Haka abin ke zagayawa.

Shari'a ba ta ajiye al'aura tsakanin ma'aurata ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ka kiyaye al'aurarka sai ga matarka, kuma yana wanka da Nana A'isha daga mazubi ɗaya. Ruwayar da ke cewa kallon gaban mace yana kawo makanta ƙirƙirarriya ce. Kashe fitila ya halatta, ba wajibi ba ne, ba kuma ƙarin taƙawa ba ne. Nanƙarwa kuwa fata ce da ta buɗe ta ɗauki ciki, tana dusashewa da lokaci duk da ba ta ɓacewa gaba ɗaya.

Ga maigida nake da magana mai nauyi. Allah ya ce a Baƙara, aya ta 228, mata suna da haƙƙi kwatankwacin wanda ke kansu. Malamin fiƙihu Ibn Ƙudama ya ambata cewa an so miji ya yi wasa da matarsa har sha'awarta ta motsa, kuma an karhanta ya janye kafin ta biya buƙatarta. Kushe jikinta ko gwada ta da wata haramun ne. Lokacin da Nana A'isha ta yi nuni da gajartar Nana Safiyya, Annabi ya ce ta faɗi kalmar da in an gauraya ta da ruwan teku za ta gurɓata shi. To ina ga kalmar miji a kan jikin da ya haifa masa 'ya'ya? Ci gaba da saduwa tana cewa tana jin zafi cutarwa ce da ba ta halatta.

A aikace, ku fara da zama ku yi magana da rana, ba a kan gado ba. Sannan ku bi hanyar da masu bincike kan matsalolin saduwa, William Masters da Virginia Johnson, suka bayyana a 1970: ku yarda ku ajiye saduwa na mako ɗaya ko biyu, ku ware minti 15 zuwa 20 sau biyu ko uku a mako, kuna shafar juna bi da bi ban da mama da gaba. Duk sanda tunanin "yaya yake ganina" ya zo, ki mayar da hankali kan ɗumin hannunsa da numfashinki. Bayan nan a haɗa da sauran jiki, saduwa ta zo ƙarshe, ke ce mai cewa a tsaya ko a ci gaba. Hasken ɗaki a ƙara shi kaɗan-kaɗan. Barin saduwa da yardar juna don magani babu laifi. Man santsi mai tushen ruwa ya halatta, amma ki nisanci cusa abin da ke busarwa ko matsewa, yana ƙara rauni da ƙaiƙayi. Kada ki jira sai sha'awa ta zo da kanta, mata da yawa sai an fara wasa take tasowa.

Faɗa wa likita ya halatta gwargwadon buƙata. Hadisin Muslim da ya hana yaɗa sirrin shimfiɗa yana magana ne a kan baza shi a majalisa, ba neman magani ba. Ki nemi likita mace, in babu, namiji ya halatta saboda lalura. Ta duba ko kina shayarwa, domin shayarwa tana rage sinadarin jikin mace da ake kira istirojin, ta kawo bushewa. Ta duba tabon ɗinkin haihuwa, ciwon sanyi, ƙarancin jini, ciwon suga, da magungunan da kike sha, musamman na ciwon damuwa. Idan tsokar ce ke ɗaurewa, akwai atisayen sakinta da ake koyarwa. Idan kuma akwai baƙin ciki mai daɗewa tun bayan haihuwa, ko wani cin zarafi da ya taɓa samunki, ki faɗa mata don ta haɗa ki da likitar ƙwaƙwalwa, kuma ya fi kyau ku je tare da maigida.

Wallahu a'alam.